Hawainiya a Kafaɗar Biri

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Malam.

Dabbobi suka haɗa kai suka sassaƙa jirgin fito, suka ba Biri tuƙi. Suka naɗa Hawainiya ta riƙa duba lafiyar jirgin tana faɗa wa taro. Ko Kunkuru aka fara naɗawa ne? Na manta. Hawainiya dai ce.

Bushiya ba ta iya iyo ba, ga shi kullum sai ta haye zuwa gonarta. Abin da ke ɗaure mata kai, ƙafafunta na jiƙewa a jirgin, amma Hawainiya kullum sai ta ce lafiya lau.

Rannan Bushiya ta sami Hawainiya a kafaɗar Biri, ta rikiɗe ta zama launin gashinsa, yana kama mata ƙudaje.

Bushiya ta ce, "Yaya Hawainiya, ruwan nan daga ina?"

Biri ya ce, "Raɓa ce."

Hawainiya ta ce, "Raɓa ce, ƙanwata."

"Raɓa da tsakar rana?"

Ranar taro Bushiya ta ce wa Giwa, shugabar dabbobi, "Ranki ya daɗe, a sauke Hawainiya daga kafaɗar Biri, a ajiye ta a ƙasan jirgin mu ga launin da za ta yi."

Aka ajiye ta, aka tura jirgi. Ruwa ya kai mata wuya, ta yi baƙi ƙirin kamar ruɓaɓɓen katako.

Ta yi ihu, "Wayyo, ku juya! Ƙasan ya ruɓe!"

Bushiya ta ce, "Ashe raɓa na cin mutum, Yaya?"

Aka gyara jirgi. Tun daga ranar, a ƙasansa Hawainiya ke zama, kuma taro ke ba ta ƙudajenta.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan kusu.