Ɗakin da Ba Ya Karɓar Aro

Akwai wata mace mai sana'ar gina manhajar waya. Mahaifinta ya tsufa, idanunsa sun dushe, ba ya iya karanta Maganar Allah da kansa. Abin ya dame ta ƙwarai. Sai ta ɗauki tsohuwar wayarsa, ta yi masa alkawari za ta sa mata sabuwar manhaja wadda za ta riƙa karanta masa da murya.

Ta gina manhajar a kwamfutar da yayanta ya bar mata, muryar kuwa ta fito tangaram. Har ta fara yabon kanta, ciki har da 'yar rawa. Amma da ta zuba ta cikin wayar, sai shiru kamar an shuka dusa.

To, masu wannan sana'a suna da wata al'ada. Sukan keɓe ɗaki a cikin kwamfuta, babu kome a ciki, kamar yadda wayar take. Wanda ya shiga gini a can ba ya iya miƙa hannu waje ya ɗauko wani abu. Duk abin da yake bukata sai ya ambaci sunansa, a kawo masa daga rumbun manhaja na kowa da kowa. Matar ta shiga irin wannan ɗaki ta gina manhajarta, ginin ya rushe. Ta sake, ya sake rushewa. Ta ce laifin ɗakin ne, ta ce laifin rumbun ne, ba ta bar kowa ba sai kanta.

Ana nan yayanta ya zo gaishe da tsohon, ta kai wa yayan kuka. Ya leƙa kwamfutar, ya yi ta dariya. Ya ce wani ɗan guntun manhaja ne ke ba da muryar, shi da kansa ya zuba shi a kwamfutar tun yana makaranta, babu shi kuwa a wayar. Ashe duk wannan lokaci da bazar wani take rawa, ba ta sani ba.

Kunya ta kama ta, amma murna ta fi kunyar yawa. Ta koma ɗakin nan, ta ambaci guntun da sunansa, rumbu ya ba ta nan take, ginin ya tsaya. Ta sa wa mahaifinta wayar a tafin hannu, wayar ta fara karatu.

Tsohon ya kasa kunne, fuskarsa ta cika da fara'a. Ya ce, "Uwata, ƙara mata murya, maƙwabta ma su ji."

Ma'anar wannan misali ita ce: da yawa daga cikinmu da bangaskiyar aro muke tafiya. Addu'ar uwa ce ke riƙe da mu, ko waƙar ikkilisiya, mu kuwa muna tsammani tamu ce. Wata rana Ubangiji yakan shigar da mutum ɗakin da babu kowa, wataƙila makaranta mai nisa, wataƙila gadon asibiti. Ba don ya kunyata ka ba ne, ɗan'uwa. So yake ka ga abin da ka rasa, ka roƙe shi da bakinka, gama rumbunsa a buɗe yake. Abin aro yakan tsaya a gidan mai shi. Wanda ka roƙa aka ba ka, shi ne zai bi ka duk inda ka je, har wani ya ji muryarsa ya yi murna.