Gonar Bakin Rafi da Takardar Dillali

Akwai wani mutum, tsohon malamin makaranta, wanda ya sayar da gonar mahaifinsa ta bakin rafi a shekarar da 'yarsa Rifkatu ta kwanta asibiti. Yarinya ta warke, gona ta tafi. Wanda ya saye ta mutumin kirki ne, ya ce masa, “Malam, ranar da ka kawo kuɗin, gonarka ce.”

Da ragowar kuɗin malamin ya sayi hannun jari a wani kamfani mai yin manhajar waya, naira ɗari kowane ɗaya. Ya yi lissafi, ya ga in farashin ya kai ɗari biyu, zai fanshi gonar.

Sai kamfanin ya faɗi warwas, ɗari ta koma ashirin. Abokansa duk suka sayar da nasu, shi ya ƙi. Shekara bakwai cur! Kowace bazara yakan shiga mota ya je ƙauye, ya tsaya a iyakar gonar yana kallon mangwaron da mahaifinsa ya dasa, ya juya bai tsinki ko ɗaya ba. Wayyo, kewar gonar nan ta ci shi ƙwarai.

A shekara ta takwas kamfanin ya fara farfaɗowa, farashi ya haura har saba'in. Sai ga wani dillali ya zo, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, “Baba, kowane wata zan ba ka naira biyu a kan kowane hannun jari. Kuɗin naka ne, ko na saya ko ban saya ba. Kai dai ka sa hannu cewa in farashi ya wuce ɗari a cikin watan, za ka sayar mini a kan ɗari.”

Matarsa ta ce, “Baban Rifkatu, ba ɗari biyu muke jira ba?”

Ya ce, “Haba! Abin da ya shekara bakwai a kwance, shi zai tashi da gudu cikin wata guda?”

Ya sa hannu. Wata ya ƙare, farashi bai kai ba, aka ci nama a gidan. Ya sake sa hannu, aka gyara rufin ɗaki. A wata na huɗu, bayan ya sake sa hannu, kamfanin ya sami babbar kwangila, cikin mako biyu farashi ya kai ɗari biyu da sittin. Dillali ya zo da takardarsa, ya biya a kan ɗari, bai rage ko kwabo ba. Kuɗin rabin gona ke nan.

Da bazara ta zo, mutumin ya tafi ƙauye kamar kullum. Mai gonar ya tarye shi da fara'a, ya ce, “Malam, na ji a rediyo kamfaninku ya tashi! In kira shaidu?” Mutumin ya sunkuyar da kai. Mai gonar ya gane, ya tsinko mangwaro uku ya ba shi, kamar yadda ake ba baƙo.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: gonar nan ita ce gidan da Ubangiji ya shirya mana, hannun jarin kuwa begenmu ne. Ku lura, dillalin bai yi ƙarya ba, bai cuci kowa ba. Haka duniya take zuwa mana, da ladabi, da ɗan abin hannu, tana roƙon mu yi wa begenmu iyaka kawai. Mutumin nan ya jimre shekara bakwai na wahala, sauƙin wata huɗu ne ya kayar da shi. Kai da ka daɗe kana addu'a, yanzu kuma abubuwa sun fara daidaita, ka kula da abin da kake sa wa hannu, don kada ranar da ka yi ta jira ta zo ta tarar ka riga ka sayar da ita.