Shagon da Hodi Ya Gina a Kan Hanyar Ruwa

Akwai wani dillalin albasa a Birnin Kebbi mai suna Hodi, wanda ya gaji tsofaffin shaguna huɗu a bakin titi.

Shekarar da hukumar raya tsakiyar gari ta iso layinsu, ta zuba kwalta, ta dasa itatuwa, ta haƙa babbar magudanar ruwa. Masu tsofaffin gine-gine kuma aka ba su tallafi su sabunta. Sharaɗin ɗaya ne: kada kowa ya hau magudana da gini.

Hodi ya karɓi tallafin. Da aka auna fili, sai ya ga shago na biyar zai fita in ya toshe magudanar da ta ratsa gefensa.

Injiniyar hukumar, Asiya, ta tarar da magina suna zuba kankare.

Ta ce, "Alhaji, ruwan unguwa uku ke bi ta nan zuwa fadama. In ka tare shi, wata hanya zai nema."

Ya ce, "Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nike wanga wuri."

Ta ba shi takardar dakatar da aiki. Ya sa magina suka ƙarasa Asabar da Lahadi, kafin a buɗe ofis.

Damina ta faɗi. Ruwan farko ya kwanta bayan shagunan, ya ƙi wucewa, har ya yi kore. Katangun ƙasa na lungun baya suka fara jiƙa daga gindi, yau kamu ɗaya, jibi kamu biyu.

A lungun nan yayarsa Fadimatu take zaune, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta aika masa cewa bangon ɗakinta ya tsage. Ya ce zai leƙo in ya dawo daga Argungu.

Yana can yana cinikin albasa da hantsi, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Bayan azahar Dikko, maƙwabcin Fadimatu, ya kira shi.

"Hodi, ruwa ya komo lungu. Ɗakin Inna Fadimatu ya zube."

"Tana ciki?"

Hodi ya bar cinikin, ya kamo hanyar gida.

An ciro ta da rai, amma ƙafafunta ba su ƙara ɗaukar ta ba. Hukumar ta rushe shagon cikin yini guda.

Yanzu Hodi ke tura kekenta zuwa asibiti duk Litinin. Ba ta taɓa ɗaga masa maganar ba. Ya gaya wa Dikko da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Darasi: Abin da aka gina domin jama'a, wanda ya tare shi don ribar kansa bai san gidan da cutar za ta faɗa ba. Ku tura wa masu gini a unguwarku tun hadari bai haɗo ba.