Sunan Baba Jalo a Mujalla

"Ban karanta su ba, Dakta. Ta yaya zan ce na ɗauko magana daga takardun da ban karanta ba?"

"Wa ya ce ki karanta? Ambato na ce ki yi. A ilmance, ambato daban, karatu daban."

"To ai ƙarya ke nan."

"Bushira! A ƙofar gidana? Gaban abokan aikina?"

Jama'ar wannan shafi, ku tsaya in kai ku farkon zancen, kada ku ɗauka yarinyar ce ba ta da kunya.

Akwai wani malamin jami'a ɗan asalin Gude ta Kabo, ana ce masa Dakta Hambali. A Kano yake koyarwa, amma a Gwarzo ya gina gida, nan yake hutun ƙarshen mako. Fanninsa nazarin halayyar jama'a ne: yadda mutum ke canzawa in ya shiga taro, abin da ke haɗa kan ƙungiya, da abin da ke wargaza ta. Shi ne kuma editan wata ƙaramar mujallar bincike da suka kafa da abokansa.

Dakta ba ya buɗe baki sai ya gyara murya, ya tura tabarau sama da ɗan yatsa, ya ce "a ilmance". Ko gishiri ne ya yi wa miya yawa, a ilmance yake faɗa wa matarsa Hajiya.

Ga wanda bai sani ba, 'yan boko ba sa auna mujalla da kyan bangonta. Abin da ake dubawa shi ne yawan masu binciken da suka ambaci abin da ta buga a cikin nasu rubutun. Akwai cibiyoyi a ƙasashen waje da ba su da wani aiki sai ƙidaya wannan ambaton. Mujallar da ake yawan ambata sai a ce tana da tasiri, wanda ya buga a cikinta kuma ƙarin girma ya zo masa da sauƙi.

Dakta ya zauna ya yi tunani, ya ga ai wannan biki ne. Irin na iyayenmu mata: na kawo miki gudunmawa ranar sunan ɗanki, ke ma ki kawo mini ranar auren 'yata, ki ɗan ɗora wani abu a kai.

Sai ya kawo zancen a majalisarsa, inda abokansa malamai ke taruwa bayan La'asar a kan tabarma, da tiren balangu a tsakiya.

"Ka ambace ni, in ambace ka. Duk wanda ya kawo mana takarda kuma, sai ya ambace mu gaba ɗaya. A ilmance, akwai mai ja?"

Kowa ya kalli na kusa da shi. Na kusa da shi ya kalli tiren balangu. Ba wanda ya ja.

Daga ranar sai ka ga takarda a kan rikicin direbobi a tasha, amma tana kafa hujja da binciken Dakta a kan tsoron jarrabawa a firamare. Haka aka yi ta tafiya.

Ita kuwa Bushira 'yar Kutama ce. Tana koyarwa a wata sakandare a Kabo, tana kuma digiri na biyu. Damina guda ta kwashe tana bin gonaki da takalmin roba, tana binciken abin da ya kashe gayya a yankinsu.

Babban wanda ta dogara da shi kakanta ne, Baba Jalo. Shi ya daɗe yana jan ragamar gayya a garin. Shi ke raba goron gayyata, shi ke jera samari a bakin kunya, shi ke ɗaga wa makaɗi hannu a fara. Yanzu tsufa ya zaunar da shi, ƙafafu sun kumbura, tari ba ya barin sa.

Ranar da ta ajiye waya a gabansa don naɗar muryarsa, ya ɗan ja baya.

"Matata, wannan abin yana jin Fillanci?"

"Me ya sa, tsoho mai ran ƙarfe?"

"Zagi kaɗai ya rage mini a Fillancin, kuma akwai waɗanda zan zaga."

Daga bakinsa da bakin sauran manoma ta gano abin da ba ta zata ba. Ba maganin feshi ne ya kashe gayya ba, ba kuma 'yan ƙodago ba. Gayya ta fara mutuwa ne ranar da mutane suka koma zuwa gonar wanda zai iya ramawa kaɗai. Gonar mara lafiya da ta matar da mijinta ya rasu sai ciyawa ta cinye su. Da samari suka ga abin ya zama na manya da manya, sai suka rataye fartanya.

Abu ɗaya Baba Jalo ya roƙa.

"Sunana zai fito a takardar?"

"Zai fito, da maganarka yadda ka faɗe ta."

"Jalo na Kutama za ki rubuta. Kar ki sa Malam, ban yi karatun ba. In dai gan shi da idanuna kafin a rufe su."

Ba ya karatun boko, amma ya san harafin farko na sunansa. Yana cewa kamar sandar kiwo ce aka kifa.

Don haka ne Bushira ta kai takardarta mujallar Dakta Hambali. Kowa ya san tana fitowa da wuri, ba kamar manyan mujallu da ke ajiye mutum a layi ba. Dakta ya karanta, kuma gaskiya aikin ya burge shi. Sai ya turo mata jerin takardun 'yan majalisa ta waya, ya ce ta cusa su. Ya ƙara da sharaɗi guda: kafin maganar tsohon, ta rubuta "kamar yadda Hambali ya riga ya gano".

Ran Asabar ta hau mota zuwa Gwarzo. Ta durƙusa nesa da tabarma, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyali da aiki da gajiya. Sannan aka yi cacar bakin da kuka ji a farko.

Dakta ya gyara murya, ya tura tabarau.

"Yarinya, ni ba na jayayya da ɗalibai. Kin sa, ki fito a bugu mai zuwa. Ba ki sa ba, ki kai ta Turai, su ajiye ki har ki yi furfura."

"Amma Dakta, ka taɓa zuwa gayya?"

"A ilmance, ba sai mutum ya je ba."

Majalisa ta yi dariya, don an ga mai gida yana dariya.

Da ta tashi, wani dattijo daga cikinsu, Malam Tasi'u, ya biyo ta har bakin titi kamar zai sayi rake.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Ni ma abin nan ba ya mini daɗi."

"To me ya hana ka faɗa, Malam?"

"Ai kowa ya yarda. Ni kaɗai zan ja?"

Daga nan Kutama ta wuce. Ta zauna bakin shimfiɗar kakanta ta kwashe labari ta faɗa masa. Ta ɗauka zai ce ta yi daidai.

"Ki sa su mana!" in ji Baba Jalo. "Sunan nasu nauyi gare shi? Malalatan da na ciyar a gayya sun fi a ƙirga. Su zo da fartanya a kafaɗa, su tsaya a inuwa, a kawo fura su fi kowa sha. Ban mutu ba."

"Baba, ƙarya za su sa ni in yi."

"Matata, ni dai ki duba ƙafar nan. Ba ni da damina da yawa a gaba."

Wannan maganar ta bi ta har Kabo. Ta buɗe kwamfuta a ofishin malamai, ta cusa sunayen nan kaf. Ta zo kan maganar kakanta, ta rubuta "kamar yadda Hambali ya riga ya gano". Sai ta karanta layin a fili.

Abin da tsohon ya koya da bayansa a sunkuye, rana tana dukan ƙeyarsa tun yana saurayi, ga shi an miƙa wa mutumin da ko kunya guda bai taɓa nomewa ba. Sunan Jalo zai fito, amma a matsayin mai maimaita karatun Dakta.

Ta goge. Ta goge sauran ma. Ta tura takardar wata mujalla mai nisa, wadda ba ta san kowa ba a cikinta.

Aka shiga jira. Masu dubawa suka dawo da ita da gyara, ta gyara. Suka sake dawo da ita. Duk ranar da ta je gida, kafin ta ajiye jaka zai tambaya.

"Matata, sun buga?"

"Suna dubawa, Baba."

"Har yanzu? Makafi ne?"

Tun yana faɗa da dariya, har ya koma tambaya da ido kawai.

A can Gwarzo kuwa kasuwa ta buɗe. Ambato ya yi ta hauhawa, Dakta ya nemi kujerar farfesa. Tun amsa ba ta zo ba majalisa ta fara kiran sa Farfesa. Ya sa aka buga kalanda da hotonsa, hannu a haɓa. Ya sayi bijimi ya ɗaure a ƙofar gida don walima, yaran unguwa suka raɗa wa bijimin suna A-ilmance.

Sai masu ƙidayar nan na waje suka lura da wani abu. Duk ambaton da mujallar ke samu daga mutane 'yan kaɗan yake fitowa, kuma gare su yake komawa. Wannan ya ambaci wancan, wancan ya ambaci wannan, ba baƙo ko ɗaya. Suka cire mujallar daga cikin waɗanda suke ƙidayawa. Kwamitin ƙarin girma ya ce duk takardar da ta fito a cikinta ba za a lissafa ta ba.

Ba Dakta kaɗai abin ya ci ba. Ɗaliban da suka sunkuyar da kai suka cusa sunaye, su ma aikinsu ya bi ruwa, har da masu binciken kirki.

Asabar ɗin da ta biyo baya ba a sayi balangu ba.

"Ni da ma ban yarda ba," in ji Malam Tasi'u.

"Ni ma wallahi," in ji na kusa da shi.

Aka zagaya tabarma, kowa ya rantse tun farko zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ga sauran sun yi shiru ne, ya ɗauka sun amince. Masana halayyar taro ke nan fa, waɗanda ke koya wa ɗalibai wannan darasin a aji. Bijimi kuwa aka mayar da shi kasuwa da sanyin safiya, ta bayan layi.

Baba Jalo ya rasu da kaka, ana yankan gero. Takardar Bushira ta fito ana shirin sadakar arba'in ɗinsa.

Ranar sadakar ta buga kwafi guda ta zo da shi. Maza na zaune a zaure, sai ga Malam Tasi'u ya jawo Dakta Hambali sun zo ta'aziyya. Aka yi addu'a, aka shafa. Mahaifin Bushira ya kira ta, ya ce ta karanta wa jama'a wurin da sunan tsohon yake.

Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ɗora yatsa a kan harafin nan mai kama da sandar kiwo.

"Jalo na Kutama ya ce..."

Sai kuka ya ƙwace mata. Wani tsoho da suka yi gayya tare da marigayin ya ja bakin rawani ya rufe fuska.

Dakta ya miƙa hannu, aka ba shi takardar. Bai kalli shafin farko ba. Ya juya can baya, inda ake jera sunayen waɗanda aka ambata. Yatsansa ya gangara ƙasa, ya dawo sama, ya sake gangarawa.

Ya gyara murya. Ya tura tabarau.

"A ilmance, tun da ga shi na zo ta'aziyya da ƙafata, in za su sake bugawa, ba za a iya sa ni ko a ƙarƙashin sunan marigayin ba?"

Malam Tasi'u ya karɓe takardar daga hannunsa, ya miƙa wa Bushira.

Darasi: Sunan da abokai suka hura maka ba naka ba ne, ranar da baƙo ya duba, sunan zai sace kamar balan-balan. Kuma in ka ga ana shirya ɓarna a taro, kada ka kalli na kusa da kai, ka buɗe baki, wataƙila shi ma kai yake jira. Girman kan mutum ɗaya da shirun majalisa guda ne suka hana wani tsoho ganin sunansa. Bushira ta riƙe gaskiya, yau masu binciken da ba su san ta ba suna ambaton aikinta, amma ba ta samu a sauƙaƙe ba, kuma ba zan ce muku ta daina kuka ba. Ku tura wannan labari ga malamai da ɗalibai, da duk wanda kuka san yana zaune a wata majalisa yana kallon tire.