Asibitin Gwaggo Tasalla

Ku gyara zama, ku ajiye gyaɗar nan tukuna, don yau shari'a na kawo muku ku yanke.

A wani ƙauye da ake kira Kwarin Ɗinya, can ƙetaren kogi, an yi wata ungozoma mai suna Gwaggo Tasalla. Rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya, shi ya sa ko dagaci ta yi wa tsawa sai ya sunkuyar da kai. Abu ɗaya ke ci mata rai. In haihuwa ta zo da gardama da damina, sai an ɗora mace a kwalekwale an ƙetara da ita birni, kuma ba duka ne ke dawowa da rai ba.

Wata rana wasu ma'aikata biyu suka iso, takalma na ta sheƙi, suka ce gwamnati ce ta aiko su. In gari ya ba da fili ya ta da bango, gwamnati za ta kawo kwano da magani da ma'aikaciyar jinya. Mutane suka ƙi yarda, don sun sha jin romon baka. Gwaggo ce ta miƙe ta ba da gonar da mijinta ya bar mata, ta bi gida gida tana cewa ita ta tsaya, kowa ya fito. Aka yi gayya, maza na buga tubali, mata na ɗebo ruwa, har bango ya kai linta. Ma'aikatan suka dawo, suka ci kaji, suka ɗauki hoto, suka tafi.

Daga nan shiru kake ji. Sai ran nan aka ji a rediyo ana cewa an kammala asibitin Kwarin Ɗinya, har ya fara aiki. Dattawa suka tafi birni neman ba'asi. Aka ce musu waɗancan ma'aikata an canja musu wurin aiki, su je su neme su, ita dai gwamnati ta gama nata. Suka dawo hannu wofi. Awaki suka mai da kangon wurin kwanansu, 'yan gari kuma suka laƙaba masa suna asibitin Tasalla, mai maganin rana da iska. Tsohuwar nan da ba ta taɓa rasa suna ko biki ba ta shige ɗaki ta ja labule. Ta daina cin abin kirki, tana cewa ta yi wa gari ƙarya da furfurarta. Ni na san ta, kuma wallahi ganinta a haka ya sa ni hawaye.

To, tana da 'ya'ya uku, kuma duk cikinsu babu wanda ya ƙi ya ba da idonsa don ta sake dariya.

Babban shi ne Barau, makaɗin kukuma, malalaci a gona amma in ya buɗe baki sai mai tafiya ya tsaya. Shi ya ce tunda kuka bai kai ƙofar gwamna ba, bari a gwada yabo. Ya tsara waƙar godiya, yana yabon kwanon asibitin da ke ƙyalli, da gadajen da ke jere, da maganin da ya cika ɗaki. Gari ya yi masa caa, aka ce ya sayar da uwarsa, aka daina gayyatarsa biki, har matarsa ta yi yaji. Ya haɗiye duka, ya ci gaba da bin kasuwanni da waƙarsa har ta shiga rediyo. Wa ke ƙin yabo? Gwamna ya ji, ya ji daɗi, ya ce zai je da kansa ya ga wannan aiki da mutanen da suka san alheri haka.

Na biyun shi ne Cindo, mai fito, mutum ne da za ka wuni da shi bai ce maka uffan ba. Da ma'aikatan nan biyu suka ji gwamna zai zo, sai suka shiga neman yadda za su rufa wa kansu asiri. Suka je wani ƙauye a gangaren kogin mai asibiti na gaske, suka canja allon ƙofar, sannan suka sami Cindo suka yi masa alkawarin injin jirgi sabo fil in ya sauke baƙi a can. Shekara da shekaru Cindo yana mafarkin inji, kafaɗunsa duk sun gaji da gora. Ya dube su kawai, su kuma suka ɗauka ya yarda. Ranar tafiya ya ɗauko gwamna da ma'aikatan, da aka kai tsakiyar ruwa, sai ya karkata kan jirgi ya nufi mashigar garinsu. Ma'aikatan na ta ƙifta masa ido, ɗaya har yana taka masa ƙafa, amma ba damar magana a gaban gwamna. Haka ya sauke su a Kwarin Ɗinya, ya yi asarar injin, aka kuma kore shi daga babbar mashiga daga baya.

Ta ukun ita ce auta, Lantana mai waina, wadda ta gado bakin uwarta kaf. Ita aka bar wa shimfiɗar baƙi, sai ta kori awaki ta shimfiɗa tabarmi a cikin kangon, da tsakar rana. Gwamna ya zauna, ya ɗaga kai ya ga sama fetal, gumi na bin wuyansa. Gani ya kori ji. Ya fusata, ya ce ya kori ma'aikatan nan take, kuma za su gurfana gaban alƙali. Jama'a suka ɗauki tafi, ya miƙe zai tafi, kowa na ganin an yi adalci. Sai Lantana ta durƙusa a bakin ƙofa, ta tare hanya. Masu tsaro suka zaburo, ba ta ko motsa ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a garin nan in saniya ta shiga gona ta yi ɓarna, ba ma kama yaron da ke kiwo. Mai saniyar muke nema. In ya ga dama ya zane yaronsa a gida, wannan tsakaninsu ne, amma dawar da aka cinye shi zai biya. Mu ba mu san sunan mutanen nan ba ma. Da sunanka suka zo, don sunanka Gwaggo ta ba da gona. Ka kore su, mun gode. To, kwanon fa?"

Gwamna ya koma ya zauna cikin zafin ranar nan. Ya ce a kira masa mai gonar. Aka riƙo Gwaggo a hankali, ya ba ta haƙuri a gaban jama'a, ya ce laifin ma'aikacinsa laifinsa ne. Kafin ruwan farko ya sauka an buga kwano, an kawo magani, ma'aikaciyar jinya ta tare. A ranar Gwaggo ta cinye malmala biyu ta nemi ƙari.

Ranar buɗewa aka damƙa mata makulli. Ta ce ɗaya daga cikin 'ya'yanta ne zai buɗe, wanda ya wanke mata fuska. Nan fa ake yin ta. Barau ya ce a ba Cindo, Cindo ya nuna Lantana da haɓa, Lantana ta ce ina ita ina shiga gaban yayyenta. Gari kuwa ya rabu uku. Wasu suka ce ba don waƙar Barau ba, gwamna ko sunan garin bai sani ba. Wasu suka ce ba don Cindo ba, da wani asibitin aka nuna masa ya koma yana murna. Wasu suka ce ba don Lantana ba, da an kori mutum biyu an tafa, kango na nan ga awaki. Tsohuwa ta tsaya da makulli a hannu, tana duban wannan tana duban wancan, tana dariya tana share hawaye.

To, jama'a, ƙofa ɗaya ce, makulli ɗaya. Da ku ne Gwaggo Tasalla, a hannun wa za ku sa shi?