Zanen Da Jumare Ya Bari A Buɗe

Akwai wani mai gyaran waya da rediyo a garin Ikara, ana kiransa Jumare. Asalinsa mutumin Kurmin Kogi ne, ɗan manoma. Na san mahaifinsa, zaure ɗaya muka yi karatu, ko da yake sunan malamin namu ya ɓace mini yanzu, Allah Ya jiƙansa. To, ba wannan ne labarin ba.

Jumare bai yi nisa a boko ba, amma Allah Ya ba shi hannu. Shi da abokinsa Philemon, mai walda, da wasu mutum uku suka kafa ƙungiya ta masu ƙere-ƙere. Da yamma idan kasuwa ta lafa sai su zauna a bayan shago, su kwance tsofaffin fanka da rediyo, su haɗa abin da ransu ya ba su.

Kowace shekara bayan girbi ana taron baje kolin irin waɗannan ƙungiyoyi a Makarfi, a filin wata makaranta. Na Ikara su zo, na Kudan su zo, kowa da teburinsa. Ƙungiyar da alƙalai suka zaɓa ita ce ke zuwa babban taro a Kaduna.

Shekarar da abin ya fara, Jumare ya yi wata shida yana zana wani mutum-mutumi mai korar tsuntsaye daga gonar dawa. Idan tsuntsu ya gitta, sai ya ɗaga hannuwa ya buga gwangwani. Komai yana rubuce a wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a kan teburin shago.

Akwai kuma wani Shamsuddeen, shugaban wata ƙungiya a Makarfi, mai digiri, mai tsabtar riga da daɗin Turanci. Yakan biyo ta shagon Jumare ya sa caji, su yi hira. Idan aka kira salla, Jumare ya ce, "Riƙe mini shago," kamar yadda kowa ke yi a kasuwa. Shamsuddeen ya ce, "Je ka dawo, ni ma in je."

Ranar taro Jumare ya sauke kayansa, ya ɗaga kai, sai ga mutum-mutuminsa a teburin Shamsuddeen, an shafa masa fenti, an sa masa hula. Har inda ya lanƙwasa ƙarfen kafaɗa don kada ya ci waya, haka aka lanƙwasa.

Ya je gaban alƙalai ya ce aikinsa ne. Shamsuddeen ya yi murmushi, ya miƙa masa lasifika.

"To Malam Jumare, tunda naka ne, yi wa baƙinmu bayaninsa da Turanci. Ko layi biyu."

Jumare ya riƙe lasifika, bakinsa ya ƙi buɗewa. Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce mai gyaran rediyo ya koma wa rediyonsa. Shamsuddeen ne ya tafi Kaduna, har aka ɗauki hotonsa.

Tun daga ranar Jumare bai ƙara zama mutumin da aka sani ba. Yana gyaran waya, dariyar nan tana kunnensa. Yana cin tuwo, tana kunnensa. Abin da yake so a duniya guda ɗaya ne: a wannan fili, a gaban waɗannan mutane, Shamsuddeen ya ji abin da ya ji.

Bai yi faɗa da shi ba. Da suka haɗu a wajen wani suna, Jumare ne ya fara miƙa hannu.

"Ya wuce, Injiniya. Shago naka ne kullum."

Philemon ya yi mamaki. A hanyar dawowa ya ce, "Jumare, wannan gaisuwar taka ba ta yi mini ba. Na fi son ka da zagi."

"Na tsufa da zagi," in ji Jumare.

Da damina ta yi nisa, a watan... ina jin watan takwas ne, ko na tara, masara dai ta fara fitar da gemu, Jumare ya zauna ya zana wani allon wuta. Duk masu wannan sha'awa suna da matsala ɗaya: a gida da batir da hasken rana suke aiki, amma a filin taro yini ake yi, batir ba ya kaiwa, dole kowa ya jona da janaretan masu taro. Janaretan nan kuwa wutarsa hawa da sauka take yi. Allon Jumare zai karɓi kowace iri ya daidaita ta.

Zane biyu ya yi. Na gaskiya ya ninke ya sa a aljihu. Na biyun ya kwafe shi tsaf a littafin nan mai baƙin bango, da kyakkyawan rubutu, sai dai ya cire fiyus mai yanke wuta idan ta yi yawa, da ɗan abin da ke rage ƙarfinta, ya zagaya da waya ta wata hanya yadda ido ba zai lura ba. A kan batir allon zai yi aiki lafiya ƙalau, ko wata nawa ne. Ranar da ya ɗanɗani wutar janareta, ranar zai kama.

Ya bar littafin a buɗe.

Ran kasuwa Shamsuddeen ya zo sa caji. Aka kira azahar.

"Riƙe mini shago, Injiniya."

"Je ka dawo."

Jumare ya daɗe a masallaci ranar, har da nafila. Da ya dawo, littafin yana nan inda yake, amma biron da ya ɗora a kan shafin ya koma gefe. Ya ji wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi kusan shekara guda.

Abin da bai sani ba, Shamsuddeen ba mai haƙurin haɗa abu ba ne. Ya dubi zanen ya ga aiki ne na sati biyu, sai ya tafi Zariya ya sayo haɗaɗɗen allo ya sa a na'urarsa. Amma bai yar da zanen ba. Ya sake buga shi a kwamfuta, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a ƙasa, ya kai wa wata ƙungiyar mata a Likoro, kyauta, don a ce Injiniya yana taimakon ƙauye.

Shugabar ƙungiyar, Malama Ummuhani, malamar firamare ce. Ita da matan unguwarsu sun haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da katako da kwali da ƙwan fitila. Kowace mace ta kawo ƙwan kajinta, wata uku, wata biyar. Suka lissafa kwana ashirin da ɗaya daidai, don 'yan tsaki su fito a ranar taro, a gaban jama'a. Da hannunta ta haɗa allon, waya bayan waya, yadda takarda ta ce.

Ranar taro ta zo. Jumare ya kafa na'urarsa ta ban-ruwa, mai jin bushewar ƙasa ta kunna famfo da kanta, ya jona ta da janareta ta allonsa na gaskiya. Amma hankalinsa ba ya kanta. Idonsa yana kan teburin Shamsuddeen, inda wata 'yar mota mai feshin magani take zagayawa.

Ya ga lokacin da aka jona ta. Ya jira. Minti biyar, minti goma. Babu hayaƙi.

"Me kake kallo haka?" in ji Philemon. "Ga mutane suna tambayarka."

"Ka amsa musu."

Jama'a kuwa duk sun koma teburin matan Likoro. Ta gilashin akwatin ana ganin ƙwai suna motsi, wasu sun tsage, har ana jin ɗan kuka daga ciki. Wajen azahar batirinsu ya yi ƙasa. Malama Ummuhani ta ɗauki waya ta jona da janareta.

Ƙara ɗaya aka ji, tas. Ƙwan fitilun ciki suka fashe, kwalin ya kama. Kafin a cire waya a watsa ƙasa, hayaƙi ya cika akwatin. Kukan ya tsaya.

Shugaban alƙalai, wani dattijo Alhaji Bobbo, tsohon malamin lantarki, ya sa tabarau ya duba allon da ya ƙone. Ya nemi takardar da aka bi. Ya daɗe yana bin ta da yatsa.

"Malama, aikinki ba kuskure. Abin da aka zana kika haɗa. Wanda ya zana ne ya kai wuta inda ba ta da mai tare ta." Ya dubi ƙasan takardar. "Ina Shamsuddeen?"

Aka turo shi gaba. Alhaji Bobbo ya miƙa masa lasifika.

"Yi mana bayani, Injiniya. Da Hausa ma ya isa. Me ya sa ka bi da wayar nan ta nan?"

Shamsuddeen ya dubi takarda. Ya juya ta. Bai san abin da ke cikinta ba, bai taɓa sani ba. Aka fara ƙananan maganganu, sai dariya ta tashi daga baya, irin waccan.

Jumare yana tsaye cikin mutane. Akwatin da ya ƙone yana gabansa, amma ba shi yake gani ba. Fuskar Shamsuddeen yake kallo, yana sha kamar mai ƙishirwa.

Da Shamsuddeen ya ga ba mafita, sai ya sauke murya.

"Ranka ya daɗe, ba ni na zana ba. A littafin Jumare na ɗauka, a shagonsa, ya tafi salla."

"Ƙara faɗa, ba su ji ba," in ji Jumare. Bai san lokacin da ya fito tsakiyar fili ba. "Na bara fa? Mai korar tsuntsaye?"

"Shi ma."

"Shi ma me?"

"Shi ma naka ne."

Filin ya ɗauki hayaniya. Jumare ya juya yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, yana neman waɗanda suka yi dariya bara. Alhaji Bobbo ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jumare, wannan zanen naka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Kowane layi."

Da alfahari ya faɗa. Philemon ya sunkuyar da kai.

Malama Ummuhani kuwa tun ɗazu tana durƙushe tana fito da ƙwai ɗaya-ɗaya tana jerawa a faranti. Sai ta miƙe, ta gyara hijabi, ta yi magana a hankali.

"Malam Jumare, ina da tambaya. In zanenka ne, kai ma irinsa ka sa a naka?"

Kowa ya waiwaya. Can a teburin Ikara famfon Jumare yana ta zuba ruwa a bokiti, a kan janareta ɗaya, tun safe.

Alhaji Bobbo ya taka da kansa, ya buɗe murfin allon, ya leƙa. Ga fiyus, ga mai rage wuta, kowanne a mazauninsa. Ya rufe, ya cire tabarau.

"Ashe ka sani."

Jumare ya buɗe baki. "Ba don ita na... Shi na yi wa. Shi ne ɓarawon."

"Shi ɓarawo ne, mun ji daga bakinsa," in ji dattijon. "Kai kuma ka zana abin da zai kama da wuta a filin da yara ke yawo, ka zo ka tsaya kana jira."

A nan take alƙalai suka cire ƙungiyar Shamsuddeen, suka cire ta Jumare. Philemon ya kwashe ƙarafansa ya ɗaure a babur, bai yi sallama ba. Wata ƙungiya daga Kudan ce ta tafi Kaduna. Na manta abin da suka ƙera, ina jin injin ɓare gyaɗa ne.

Da fili ya watse, Jumare ya je inda Malama Ummuhani take ɗaure kaya. Ya durƙusa.

"Malama, ki yafe mini. Wallahi ban san zai zo hannunki ba."

"Na yarda ba ka sani ba." Ta ɗauko ƙwai ɗaya daga faranti. Bakin ɗan tsako ya fasa ɓawo ya fito, ya tsaya a nan. "Wannan na Iya Fatsuma ne, na san shi da alamar gawayi. Kaza ɗaya gare ta. Ta hana jikokinta ƙwai sati biyu don ta kawo."



"Nawa na yafe," in ji ta. "Amma mata goma sha huɗu suna zaune a gidana yanzu, sun yi girki, suna jiran 'yan tsaki. Ni ba zan iya faɗa musu ba. Kai za ka faɗa, da bakinka, tun daga farko. Ga mota can."

Jumare ya dubi motar Likoro, ya dubi hanyar Ikara. Sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓi farantin.

Darasi: Wanda ya cuce ka ya yi laifi, kuma hakkinka ne ka nema a fili, a gaban waɗanda za su iya karɓar maka. Amma ranar da ka ɓoye sharri a cikin aikin hannunka don ka rama, ba kai ne za ka zaɓi wanda zai faɗa masa ba, kuma laifin wancan ba zai wanke naka ba. Allah Ya tsare zukatanmu daga riƙo. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda yake zaune da irin wannan niyya a yau, ya karanta ya fasa.