Dila da Barewar Barmo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wani maharbi ne, sunansa Barmo. Ran nan da hantsi ya harbi barewa a bakin fadama, kibiya ta same ta a kwiɓi, amma ba ta faɗi ba, ta zura cikin jeji. Barmo ya bi jini, ya bi jini, har jinin ya ɓace masa a kan wani fako. Hankalinsa ya tashi, don kun sani, in ta cika kafin a sa mata wuƙa ta zama mushe. Iyalinsa kuwa rabonsu da nama tun kaka.

Sai ga Dila ya ɓullo daga bayan wani suri, kamar an kira shi.

"Sannu da aiki, Sarkin Baka. Me ya ɓata?"

Barmo ya dube shi sama da ƙasa. Bai taɓa jin Dila ya yi wa wani sannu a banza ba. Amma ido ya gaza, sai hanci. Ya ce, "Malam, kai ni wurinta da sauran ranta, karfata guda taka ce, rabon mai bin sawu."

Dila ya ce, "Haba, ai ko don zumunci."

Zumuncin me! In an yanka, karfata ce tasa, ƙafar gaba guda kawai. In ta mutu da kanta, duka nasa ne, shi da ba ya tambayar wa ya yanka.

Warin barewa na yamma, Dila ya nufi gabas. Suka tafi, suka tafi, ya tsaya cire ƙaya. Suka tafi, suka tafi, ya tsaya atishawa, wai mura ta toshe masa hanci. Can sai ga su gaban suri.

Barmo ya ce, "Malam, wannan ba surin ɗazu ba ne?"

"Ƙanensa ne. Duk gidansu kama suke."

Barmo ya ɗaga baka. Ya ɗora kibiya a tsarkiya, ya auna gindin wutsiyar Dila. Dila ya tsorata, amma ya dake.

"Sarkin Baka, a yi a hankali. In mai hanci ya tafi, hancin binsa yake yi."

Barmo ya ga da gaskiyarsa, ya sauke baka. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce kamar da kansa yake magana, "Ni namun jejin nan nake tausayi. Dafin kibiyata sai an yi yanka yake bin jini ya fita. In ta mutu da shi a jiki, duk wanda ya ci, haƙoransa za su zube kamar wake."

Dila ya ce a ransa, ƙarya ce. Ya taɓa haƙoransa da harshe. To in kuma gaskiya ce fa?

Nan take mura ta warke. Ya juya yamma a guje, Barmo na biye, sai ga barewa kwance cikin sabara tana haki. Barmo ya yi bisimilla ya yanka. Ya cire karfata ya miƙa wa Dila, ya saɓa saura a kafaɗa, ya tafi yana murmushi.

Murmushin nan shi ya hana Dila sakat. Ya zauna ya tasa nama gaba. Wace karfata ce wannan, ba ta wajen kibiya ba? Jinin ma ya gama fita kuwa? Ya kai baki, ya fasa. Ya kai baki, ya fasa. Miyau na zuba, tsoro na ƙaruwa.

Sai ga Kura za ta wuce. Dila ya ce a ransa, ga wadda zan gwada a bakinta.

"Yaya, ki zo ki ɗanɗana mini, ɗan gutsuri kaɗan."

Yara, wa ya taɓa koya wa Kura kaɗan? Loma ɗaya ta yi, har da ƙashi.

Dila ya bi ta a baya yana leƙen bakinta, ko wani abu zai faɗo. Da ya gaji ya ce, "Yaya, don Allah buɗe in gani."

Kura ta wangale baki tana dariya. Haƙora ga su nan reras, ko girgiza babu, ga zaren namansa maƙale a tsakaninsu. Baƙin ciki ya turnuƙe Dila, ya zauna daɓas ya fashe da kuka.

Ƙurunƙus kan barewa. Duk wanda ya sami naman da yake shakka, kada ya kira Kura. Ya kawo mini nan, ni nawa haƙoran sun riga sun zube.